Kilim ɗin tsohuwar kamfin-kar bayan an maida ta R134a: me ya sa ƙarin gaz bai kawo sanyi

Wata tsohuwar Marsandi ce ƙirar 1989, irin motocin nan masu ɗaki a baya da gado da wurin girki, waɗanda muke ce ma kamfin-kar. Masu shekaru za su tuna lokacin da Turawa ke ratso Sahara ta Tamanrasset su biyo Arlit da Agadas da tsoffin motoci, su saida su hau jirgi su koma gida, to ita ma ga alama ta nan ta shigo, ta yi ta sauya hannu har ta faɗo wurin wani Alhaji nan Maradi mai garke wajen Dakwaro. Da ita yake zuwa ganin dabbobi ya kwana biyu ukku a daji. Bara aka canza mata gaz ɗin kilim, wato na'urar sanyaya iska, daga tsohon gaz R12 zuwa R134a, cikin hunturu ta yi ta sanyi kowa ya ji daɗi, watan Afrilu na kamawa sai iska mai ɗumi. Sau ukku ana ƙara mata gaz kafin a kawo ta garajinmu, kuma kowane ƙari sai abin ya ƙara lalacewa, har ta kai kwampireso, injin da ke matsa gaz ɗin, na kamawa yana saki kamar mai shaƙuwa, kuruwa, wato bel ɗin da ke juya shi, na ƙara. Direban na sauka abin da ya fara ce mani shi ne, "Maigida, Alhaji ya ce a ƙara gaz." Na ce mashi ya kashe mota ya samu inuwa tukuna.

Abu na farko da ke rikita mutane a irin wagga mota, kilim biyu gare ta kuma ba danginsu ɗaya ba. Akwai na gaba wanda injin mota ke juyawa da kuruwa, shi ne ke huro iska ta tabulo, shi aka canza ma gaz. Akwai kuma na bisa rufi, irin su Dometic ko Coleman, wanda ke aiki da wutar Nigelec ko gurup, wato janareta. Shi wancan kamar firijin gida yake, a rufe yake ruf daga kamfani, galibi ba shi da bakin da za ka ɗaura mano, wato ma'aunin matsin gaz, kuma tsoffinsu R22 ke ciki, sababbi da yawa R410A. Wanda ya huda shi ya ɗura mashi R134a don ya ga tulu ɗaya a shago, gyaran gangar Auzinawa ya yi. Maganata ta yau a kan na gaba ce.

To me ya kawo canjin gaz ɗin tun asali? R12 ba don bai sanyi aka bar shi ba, wallahi ya iya sanyi, tsoffin masu gyara har yau suna yabonshi. Sinadarin kulorin da ke cikinshi ne ke cinye rigar ozon da ke tare mana zahin hasken rana, shi ya sa a 1987 aka sa hannu kan yarjejeniyar Montreal, ƙasashe masu arziki suka daina yin shi daga 1996, irin namu ƙasashen aka ba su har 2010. Kamfanonin mota kuma tsakanin 1992 da 1995 suka koma R134a. Ke nan dut motar da ta girmi wannan lokaci an gina kilim ɗinta ne a kan R12: mai, robobi, tiyo, filta, girman kondansa (inda gaz ke huce zahinsa, gaban radiyato), komi. Shi ma R134a ɗin kwanansa ƙidaye suke, gyaran Kigali na 2016 ya sa a riƙa rage shi, a Turai sababbin motoci tun 2017 R1234yf suke sha. Amma nan wurinmu dai shi ke kasuwa.

Matsalar ita ce yadda muke fahimtar kalmar canji. Da yawa abin da ake yi shi ne a saki tsohon gaz ya bi iska, a ɗaura sabbin kawuna biyu irin na R134a bisa tsoffin bakunan masu zare, a ɗura, a taɓa iska da bayan hannu, a ce ya yi. Wanga ba canji ba ne, ɗuri ne kawai. Kuma a watan Disamba kowane kilim gwani ne, sai rana ta haura digiri 40 ake sanin wanda aka gyara.

Mu fara da mai, don shi ke kashe kwampireso a ɓoye. Man kilim ba zaune yake wuri ɗaya ba, gaz ne ke ɗaukarshi yana zagayawa da shi ya dawo da shi kwampireso. R12 yana gauraya da man mineral sumul. R134a kuwa ba su haɗa hanya da man mineral, kamar ruwa da man gyaɗa, sai ya tura shi gaba ya bar shi ya kwanta cikin ebaporato (inda iska ke sanyi, cikin tabulo) da kondansa da ƙasan tiyo, bai dawowa. Abu biyu ke faruwa lokaci guda: kwampireso na juyawa da ƙishirwa, sannan man da ya kwanta ya lulluɓe cikin bututu ya hana zahi wucewa, sanyi ya ragu. A kamfin-kar abin ya fi muni saboda tiyonta dogaye ne, wuraren kwanciyar mai sun yi yawa. Man da R134a ke ɗauka iri biyu ne, PAG da ester wanda ake rubuta POE. In kwampireso sabo ne kuma an wanke layi tsaf, a bi abin da kamfanin ya ce, galibi PAG, kuma shi ma kauri-kauri ne, akwai 46 akwai 100 akwai 150. In kuwa tsohon layi ne da ba za ka iya rantsuwa ka fidda dut tsohon mai da ragowar R12 ba, ni ester nake sawa, ya fi haƙuri da ragowar. Duka biyun suna shan raɓar iska da sauri, musamman PAG, don haka gwangwanin da aka bari a buɗe bisa tebur tun makon jiya ba mai ba ne kuma.

Sai nauyi, kuma a nan ne gizo ke saƙa. R134a ba a sa shi daidai nauyin R12, ana sa wajen kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari. Motar Alhaji akwai 'yar takarda manne kusa da radiyato da ta ce kilo 1.2 na R12, ke nan abin da ya kamata ya shiga bai wuce kilo 1 ba. Da muka kwashe abin da ke ciki muka ɗora bisa sikeli, kilo ɗaya da rabi muka samu. Rabin kilo na banza. Kuma na san yadda aka yi ya kai haka. Bisa filta akwai ɗan gilashi da ake leƙawa, zamanin R12 ƙa'idar ita ce ka yi ta ɗurawa har kumfa ya ɓace gilashi ya yi garau. Da R134a, balle in akwai ragowar man mineral, gilashin na iya nuna kumfa ko hazo alhali gaz ya isa. Wanda ya koyi aiki da tsohuwar ƙa'ida sai ya yi ta bin kumfa har ya cika layi maƙil. Gaz in ya yi yawa ruwansa ke cike kondansa, wurin da zai huce ya ragu, matsi ya tashi, presosta, makunnin da ke lura da matsi, ya yanke kwampireso don kar wani abu ya fashe, matsi ya sauka ya sake kamawa. Shaƙuwar da direba ke ji ke nan. A kamfin-kar a kula da wani abu kuma: sau da yawa wanda ya ƙera shasi daban, wanda ya gina ɗaki ya haɗa kilim daban, don haka nauyin da ke littafin Marsandi ko Fiat Ducato ko Peugeot J5 ba lallai shi ne na motarka ba. Takardar wanda ya haɗa kilim ɗin ake nema. In ta ɓace sai a fara da kaɗan, a riƙa ƙara giram 50 ana jira, ido ɗaya kan mano ido ɗaya kan ma'aunin zahi da ke cikin bakin iska, inda sanyi ya daina ƙaruwa allurar ja ta mano, mai nuna babban matsi, kuma ta ci gaba da hawa a tsaya.

Yanzu karatun mano, wanda da yawa ke ɗaurawa don ado. Kafin ma a tada mota akwai labari. In mota ta kwana injin ya huce, allura biyun, shuɗiya ta ƙaramin matsi da ja ta babban matsi, za su daidaita, kuma R134a tsantsa yana da matsin da ya dace da zahin gari: a digiri 30 wajen bar 6.7 (bar shi ne awon matsi), a 35 wajen bar 8, a 40 ya ɗan haura 9. In ka ga ƙasa da haka sosai to kusan babu gaz. In ka ga sama da haka sosai to akwai baƙo ciki, ko iska ko wani gaz daban. Ta Alhaji da sassafe gari na digiri 30 ta nuna mana takwas da rabi. Amma kar wani ya ɗauka in lambar ta yi daidai gaz ya cika, ko rubu'in gaz ne ya rage muddin akwai ɗan ruwansa ciki lamba ɗaya zai nuna maka. Wanga gwaji tsabta yake faɗi, bai faɗin yawa.

In an tada mota, a ɗan taka totur zuwa wajen juyi 1500 a minti, fanka a ƙarshe. Cikin zahinmu na bazara shuɗiyar allura tsakanin bar biyu da rabi zuwa ukku da rabi, jar kuma daga 17 zuwa wajen 22, ba abin tsoro ba ne. Duka biyun ƙasa, gaz ya yi kaɗan, a nemi inda yake zuba. Duka biyun sama, ko gaz ya yi yawa ko iska ta shiga ko kondansa bai hucewa. Shuɗiya sama ja ƙasa, sun matso kusa da juna, kwampireso ya gaji bai matsawa. Shuɗiya ta nutse har ta shiga ƙasa da sifiri, to hanya ta toshe, ko detanda, bawul ɗin da ke sakin gaz cikin ebaporato, ko filta, kuma in ka bi bututu da hannu inda ka ji ya yi sanyi kwatsam a wurin da ya kamata ya zama da ɗumi, nan toshiyar take.

Akwai wani gwaji da bai cin ko dala. In jar allura ta hau, ɗebo ruwa a buta ka watsa ma kondansa. In ta faɗo nan take kuma iskar ciki ta yi sanyi, ka gama gano ciwon: zahi ne bai hita. Kuma wanga shi ne ainihin raunin motar da aka canza ma gaz. A wurin sanyi R12 da R134a kusan kai ɗaya suke, amma in zahi ya tashi R134a ya fi matsi, a digiri 70 cikin kondansa ya ɗara R12 da fiye da bar biyu, shi ya sa motocin da aka yi dominsa aka ba su kondansa mai ƙananan hanyoyi da yawa a jere, ba irin tsohon nan mai bututu ɗaya da ke lanƙwasa kamar maciji ba. Tsohon kondansa a Jamus ƙila ya wadatar, a Maradi watan Mayu a'a. Ƙara da ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ƙwari da suka cushe tsakanin kondansa da radiyato, wurin da ido bai gani sai an kwance, ga fankar injin mai kulocin silikon da ta tsufa tana juyawa a banza ba ta jan iska, ga soso da robobin gefe da suka zube iska na bi ta gefe maimakon ta ratsa. Alamar da mai mota zai gane da kanshi: bisa hanyar Tasawa a guje akwai sanyi, an shigo cunkoson babbar kasuwa sanyi ya tahi. Wanga ba ciwon gaz ba ne ko kaɗan, ciwon iska ne, maganinsa wanki da fankar lantarki ta ƙari a gaban kondansa, in aljihu ya yarda a sa sabon kondansa mafi girman da wurin zai ɗauka.

Sai raɓa. Filtar nan mai kama da ƙaramar kwalba akwai tsakuwoyi cikinta masu tsotse ruwa. Na zamanin R12 ana ce masu XH-5, ba su jure R134a, na sabon gaz XH-7 ne ko XH-9. Ban da haka ma filtar da ta shekara talatin ta ƙoshi, ba ta da sauran wurin sa ruwa. Canjin gaz ba tare da sabuwar filta ba an rufe ƙofa da ɓarawo ne. Alamar ruwa a layi tana da ban dariya: kilim ya yi sanyi minti goma sha biyar, ya ɗauke, ka kashe shi ka sha shayi ka kunna ya dawo. Ɗigon ruwa ne ke daskarewa a bakin detanda ya toshe, in ya narke hanya ta buɗe. Kuma ruwa bai hita da dabarar nan ta sakin gaz kaɗan ta baki ɗaya wai ya kore iska. Sai famfon zuƙe iska na gaske, aƙalla minti 30 zuwa 45, a doguwar mota irin wagga ni awa guda nake ba shi, sannan a rufe a jira a ga ko allura za ta motsa. Tsohon kwampireson firiji da wasu ke zuƙa da shi ya fi babu, amma bai kai zurfin da ruwa zai tafasa ya hita dut.

Zubar gaz kuwa, tsoffin baƙaƙen robobin mahaɗa a sauya su da korayen nan na HNBR, kuɗɗinsu bai taka kara ya karya ba. Tiyo ana yawan cewa dole a canza duka saboda R134a na ratsa tsohuwar roba, gaskiyar ita ce tsohon tiyo da ya jiƙu da man mineral shekara da shekaru yakan riƙe ba laifi, amma in ya tsattsage ko ka ga maiƙo wajen matsewar ƙarhe to a yi sabo mai rufin nailan ciki. Su kansu sabbin kawunan da aka ɗaura sukan zubar, na sha ganin haka, ɗan ruwan omo ya isa ya tona su. Wani abu da nake roƙon yara masu koyo da shi: kar a taɓa gwada layi da iskar oksijin ta masu walda don tana kusa. Oksijin da mai cikin matsi fashewa suke. Azot, wato iskar naitirojin, ake sawa. Kuma ba a wanke layi da fetur.

Gaz ɗin kanshi ma abin tambaya ne. Tulun kilo 13.6 mai rubutun R134a ba kullum R134a ke ciki ba. A 2011 an samu jabun gaz mai gauraye da R40 wanda ke cin alminiyom, ya fasa injinan kwantenonin sanyi a Biyetnam da Burazil har mutum ukku suka rasu. Akwai kuma mai gauraye da R22, wanda a digiri 40 matsinsa ya haura bar 14, kwampireson mota bai daɗewa da shi, akwai mai gauraye da gaz mai kama wuta. Araha ba ta ado. Gwajin da na faɗa na matsi da zahin gari ana iya yi ma tulu shi ma, a ajiye shi inuwa ya huce a ɗaura mano, in lamba ta kauce da yawa a maida ma mai shi.

Wani lokacin kuma kilim lahiyarsa lau, wani ne ke ɓata mashi suna. Taɓa babban bututun da ke dawowa kwampireso, in ya yi sanyi yana zufa amma iskar ciki ɗumi, bar mano ka shiga tabulo. Bawul ɗin ruwan zahi na hita in ya tsufa yakan bar ruwan injin ya riƙa ratsawa, iskar da ta yi sanyi ta bi ta kanshi ta sake ɗumama, mu da ba mu buƙatar hita sosai sai a matse tiyon a gani. Ebaporato na cushewa da ƙura ta zama laka iska ta kasa wucewa. Kulocin kwampireso in tazararsa ta buɗe, a Sanden bai kamata ta wuce milimita 0.4 zuwa 0.8 ba, zai kama da safe in ya yi zahi ya ƙi kamawa, ka ɗan buga shi da ƙotar sukurdireba ya kama, cire wasa ɗaya siririya, wato ɗan zoben ƙarhen da ke sa tazarar, ya wadatar. 

Ta Alhaji dai abin da muka tarar ya haɗa kusan rabin wanga lissafi. Gaz ya wuce kima kuma da iska ciki, filta ta asali ce tun ta 1989, man da muka juye daga kwampireso Sanden 508 ɗan kaɗan ne kuma mineral ne, sa'ar da aka yi bai yi baƙi ba kuma babu garin ƙarhe ciki, da ya yi baƙi da sai dai sabon kwampireso da sabon kondansa don wankewa ba ta fidda shi dut. Tsakanin radiyato da kondansa kuwa abin da muka ciro ya isa a ba akuya. Muka wanke ebaporato da tiyo, muka sa ester, sabuwar filta da detanda da aka kawo daga Kano, korayen robobi, fankar lantarki ɗaya, awa guda ana zuƙa, sannan giram 980 bisa sikeli. Da azahar gari na digiri 42, a tsaye bakin iska ya ba mu 14, da muka hau hanyar Dan Isa ya sauka 9.

Da la'asar Alhaji ya zo da kanshi, ya zauna gaba ya sa hannu ya ce madalla, sannan ya koma baya ya zauna bisa gado ya ce shi nan bai jin komi. Na ce ranka ya daɗe ba za ka ji ba, wanga kilim na kujera biyu ne na gaba, ɗakin baya ya kai shago girma ga gilashi ko'ina, ko da R12 ɗin bai taɓa sanyaya shi ba. A sa labule mai kauri bayan kujerar direba in ana tahiya, in an sauka a tada gurup a kunna na bisa rufi. Ya ce ai shi ma na rufin bai sanyi, ko za a ƙara mashi gaz. Na sa yaro ya hau da tsani ya buɗe murfin, ya leƙo ya ce mani gidan zanzaro ne cike da kondansa, kapasitan fanka kuma ya kumbura.